Nasiha ga Matasa Masu Tsara Rubutu a Kwamfuta

'Yan'uwana matasa masu aikin buga takardu da tsara katin biki da littattafai, akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakaninmu wadda ya kamata mu tsaya mu duba. Tun da manhajar Word ta shekarar 2010 ta kawo wa kowa dabarun OpenType, wato tsarin haruffan da kamfanonin Microsoft da Adobe suka samar tare, da yawanmu suka ɗauka cewa yawan ado shi ne gwaninta. Sai ka ga matashi ya zaɓi samfurin haruffa (font) mai suna Gabriola, ya kunna salon da ke sa wa haruffa jela da lanƙwasa, har sunan amarya ya gagari dattijon da aka kai wa katin karantawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, mai wannan adon sau da yawa bai duba ko samfurin da ya zaɓa yana da haruffanmu masu ƙugiya ba. Yawancin samfuran ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kuma idan manhaja ta rasa su ba ta yin gargaɗi, sai dai ta aro su daga wani samfurin. Shi ya sa za ka ga harafi ɗaya a tsakiyar kalma ya fi sauran siranta ko tsawo, wani lokacin ma ɗan akwati ne zai fito a madadinsa bayan an riga an buga kati ɗari biyar. Don Allah, kafin ku fara kowane aiki, ku rubuta waɗannan haruffa manya da ƙanana a layi guda ku ƙura musu ido, ku ƙara da ƴ idan aikin na mutanen Nijar ne. Samfuran Charis SIL da Andika da Gentium suna da su duka, kuma kyauta ake saukar da su.

Ban ce ku guje wa waɗannan dabaru ba, domin wasunsu an yi su ne don mai aikin yau da kullum. Wanda ke buga sakamakon jarrabawa ko lissafin kuɗin ƙungiya yana buƙatar lambobi masu faɗi ɗaya, ta yadda kowace lamba za ta zauna daidai ƙarƙashin 'yar'uwarta, mai dubawa ya bi jerin da yatsa bai ɓace ba. Haka nan daidaita tazarar haruffa yana gyara kanun rubutu, inda babban T ko W kan bar gurbi tsakaninsa da wasalin da ke biye. Mai buga ajami kuwa ba shi da zaɓi, saboda haɗuwar baƙaƙe da zaman wasula a mazauninsu duk a kan tsarin OpenType suka dogara, kamar yadda ake gani a samfurin Alkalami da aka zana bisa salon rubutun Kano.

Sannan ku tuna cewa kwamfutar mai aiki ko ta maɗaba'a ba lallai ba ne tana da samfurin da kuka yi amfani da shi. Idan kun kammala, ku mayar da aikin PDF, ku buga gwaji ɗaya a takarda, ku ba mai aikin ya karanta a gabanku kafin a buga sauran.