Dalilin da ya sa ba zan sa hannu a kisan jinƙai ba

A ranar 29 ga Nuwamban 2024 majalisar wakilan Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurin da zai ba majinyacin da likitoci suka ce kwanansa bai wuce wata shida ba damar neman maganin da zai ɗauke ransa. Wakilai 330 suka amince, 275 suka ƙi. Holan da Beljiyam sun halatta irin wannan tun 2002, Kanada ta bi sahu a 2016, Sifaniya kuma a 2021. Masu goyon baya suna kiran abin jinƙai da 'yancin zaɓi. Ni da na daɗe ina duba masu cutar daji ina ganin kuskure ne, kuma a bakin gadon marasa lafiya na samo yawancin dalilaina.

Wata dattijuwa da cutar ta ci mata ƙashi ta taɓa riƙe mini hannu da tsakar dare ta ce, "Likita, don Allah ka yi mini allurar da za ta hutar da ni." Na jawo kujera na zauna, na tambaye ta inda ya fi yi mata zafi. Ta yi shiru, sannan ta karkata kai ta dubi 'yarta da ke gyangyaɗi a gefen gado, ta ce yarinyar ta ajiye aikinta saboda ita, kuma ta gaji da zama mata kaya. Muka ƙara mata maganin zogi daidai yadda ya kamata, muka zauna da dangi aka raba jinya. Bayan kwana uku abin da take roƙo shi ne a buɗe mata taga ta sha iska. Ta yi kusan wata biyu a duniya bayan wannan dare, ba ta sake furta maganar ba. Da doka ta ba ni dama na ɗauki roƙonta na farko a matsayin hukunci, babu kotun da za ta tuhume ni.

Wannan ba labarin mace ɗaya ba ne. Jihar Oregon ta Amurka, wadda dokarta ta fara aiki a 1997, tana wallafa dalilan masu neman maganin duk shekara, kuma zafin ciwo ba shi ne kan gaba ba. Abin da ya fi yawa shi ne rasa ikon tafiyar da kai da kasa yin abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, sannan da yawansu suna ambaton tsoron ɗora wa iyali nauyi. Wanda ya ce a kashe shi don kada ya wahalar da 'ya'yansa, da wuya a ce zaɓin nasa ne shi kaɗai.

Ana yawan cewa za a gindaya tsauraran sharuɗɗa. Kanada ma da haka ta fara, domin dokar 2016 ta taƙaita abin ga waɗanda ake ganin ajalinsu ya kusanto. A 2021 aka cire wannan sharaɗi, aka shigar da naƙasassu da masu ciwon da ba ya kisa, aka kuma tsara shigar da masu taɓin hankali, ko da yake an ɗage wannan zuwa 2027. A 2023 mutum sama da 15,000 suka mutu ta wannan hanya a ƙasar, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa ashirin. Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014, yara ma suka shiga. A Holan an yi wa mutum 9,068 a 2023, kuma 138 daga cikinsu taɓin hankali ne kawai ke damunsu. Ban ɗauki masu faɗaɗa dokar a matsayin mugaye ba. Matsalar tana cikin hujjar kanta, domin da zarar an yarda cewa mutuwa magani ce ga wahala, babu yadda za a yi a bai wa wannan mai wahala a hana wancan ba tare da an kira shi wariya ba.

Ta fuskar sana'a kuwa, tsohuwar rantsuwar likitoci ta Hipokiratis ta hana likita ba da guba ko da an roƙe shi, kuma Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sake jaddada adawarta a taron da ta yi a Tibilisi a 2019. Mu likitoci mun san sau nawa muke kuskuren ƙiyasin kwanan majinyaci, mu ce wata shida ya yi shekara biyu. Mun kuma san cewa tsoho ko naƙasasshe yana sakin jiki da mu ne don ya tabbata ba ma auna ko rayuwarsa ta cancanci ci gaba. Ranar da allurar mutuwa ta shiga jerin abin da likita zai iya gabatarwa, ambatonta kaɗai ya isa ya sa mai rauni ya ji ana nuna masa ƙofa. Ko alƙawarin cewa ba za a tilasta wa likita ba bai cika ba, tunda a lardin Ontario na Kanada kotu ta tabbatar a 2019 cewa likitan da ya ƙi dole ne ya tura majinyacin ga wanda zai yi.

Ba na musun cewa akwai ciwon da ke gagarar magani, na gan shi, kuma yana hana ni barci. Amma majinyaci yana da haƙƙin ƙin magani, ya ce a cire masa na'urar numfashi, ko a ba shi abin da zai kwantar da shi idan zogi ya kai maƙura, kuma duk wannan halal ne a aikinmu saboda niyyar ita ce rage azaba, cutar ce ke yin kisan. Fannin kula da masu jinyar ƙarshe, wanda likitar Birtaniya Cicely Saunders ta kafa masa harsashi da gidan jinyarta a Landan a 1967, ya nuna cewa ana iya shawo kan mafi yawan zogi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai na masu buƙatar irin wannan kulawa suke samunta, kuma a ƙasashe da dama mofin, maganin da ya kwantar wa dattijuwar nan da zogi, ba ya ma isa asibiti.