Ɓarawon wuta a gidanmu na Samaru

Gidan gado ne, a Samarun Zariya, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Kamar yawancin maƙwabtana, na raba shi biyu: ni da iyali muna ciki, ɗakuna biyar na ɓangaren zaure kuma ɗalibai ne ke haya. Mita ɗaya gare mu, irin ta kati. Duk farkon wata ina sayen yunit 200, in danna lambobin nan 20, a kasa kuɗin kashi bakwai: biyu nawa, kowane ɗaki ɗaya. Sharaɗin da nake gindaya wa duk mai kama ɗaki shi ne ban da hita, ban da rishon lantarki. Mai son dafa taliya ya nemi ƙaramar tukunyar gas.

A 2022 malaman jami'a suka tafi yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba. Unguwa ta mutu murus. Mai shayi ya koma gona, masu fotokofi suna gyangyaɗi, 'yan acaba suna ƙirga kwalta. Ni kuwa abin da na lura da shi ɗaya ne: wutar da na saya sai ta kusa wata biyu ba ta ƙare ba. Yara suka dawo, aka shiga Disamba, yunit 200 ta ƙare a kwana 15. Na sake sayowa, ta ƙare a kwana 14. Ai ko alƙali ba ya neman shaidar da ta fi wannan.

Na fara da majalisa. Duk wanda ya zauna a dakalin ƙofar masallaci ya ji labarin 'yan bokon da ke dafa wake da wutata. Aka taya ni da nasu ƙorafin: wannan ya ce kiɗa har tsakar dare, wancan ya ce suna shanya gajeren wando a kan katanga, wani ya ce su suka sa 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka. Na dawo gida da ƙarfin gwiwa.

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na ɗauki tocila na bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa ƙarƙashin katifa, na ɗaga bokiti, na shinshina soket. A ɗaki na uku na ci karo da wani baƙin abu mai waya gaba da baya, na taɓa na ji ɗumi.

"To, ga ta nan!" na ce.

"Baba, cajar kwamfuta ce."

"Caja take zafi haka?"

Na tafi da ita duk da haka, na kwana da ita a ƙarƙashin matashi.

Washegari wani daga cikinsu, wanda ke karatun injiniyan lantarki, ya same ni a zaure ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Baba, mita ba ta ƙarya. Ka ga jar fitilar nan mai ƙiftawa? An rubuta a jikinta, ƙiftawa 1,000 ita ce yunit ɗaya. Kowane ɗaki da fis ɗinsa a allon nan. Mu riƙa cirewa ɗaya ɗaya muna ƙirga ƙiftawar da agogo. Inda ta lafa, nan ɓarawon yake." Ya ƙara da cewa ya lura lambar ta fi zaftarewa tsakanin asuba da hantsi, don haka a yi gwajin da sassafe.

Na ce madalla. Don kada a ce na yi zalunci, bayan sallar asuba na gayyato liman da mutum huɗu na majalisa su zama shaidu. Wannan gayyata ita ce har yau nake cizon yatsa a kanta.

Muka tsaya cikin hazo, kowa ya ƙudundune, Allah ya taimaka akwai wuta. Yaron ya ƙirga: 32 a minti ɗaya. Ya cire fis na ɗakin farko, ta koma 31. Na biyu, 29. Haka har ɗaki na biyar, fitila tana ta ƙifta ido kamar an watsa mata barkono, 25 a minti. Yana yi yana bayani cikin ladabin da ya fi zagi ciwo: ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci yunit guda, kwamfuta wat 60 ce ko kusa da haka, fanka kuma babu mai kunna ta a wannan sanyi. "Amma 25 a minti, Baba, wat 1,500 ke nan. Hita ce babba."

Fis ɗaya ya rage a allon. Liman ya dube shi, ya dube ni. Yaron ya zare, fitila ta tsaya cak. Kafin kowa ya yi magana, sai muryar uwargida daga cikin gida: "Kai, masu wutar nan ba su da imani! Ruwan mai jego ko tafasa bai yi ba!"

'Yata ta fari ta zo wankan gida tun ƙarshen Nuwamba. Ni ina ganin tururi safe da yamma, ina jin ƙanshin ganyen darbejiya, na ɗauka itace ake hurawa a bayan gida kamar yadda iyayenmu suka yi. Ashe kuɗin itacen da nake bayarwa yana tafiya a kanwa da yajin jego, ruwa kuma hita ce ke tafasa shi a bokitin ƙarfe. Yaron ya yi lissafi a bayan takardar kati: tafasa bokiti mai lita 20 yana cin kusan yunit biyu, sau biyu a rana huɗu ke nan. Ɗumama na 'yan makaranta, biyu. Ya ɗan yi shiru.

"Sai wani bokiti ɗaya da ake kaiwa banɗaki kafin kiran sallah."

Nawa ne. Wata guda ina wanka da ruwan zafi ina sa wa matata albarka. Lokacin yajin aiki kuwa ɗakuna biyar a kulle suke, kuma bazara ce da damina, babu mai neman ruwan zafi.

Liman ya yanke hukunci a nan tsaye: har a yi arba'in, kashi huɗu nawa ne, kuma in mayar da caja. Na shiga na ɗauko ta daga ƙarƙashin matashi, mai ita ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Na koma ciki na kafa doka da babbar murya cewa daga yau babu mai sake jona hita a gidan nan. Uwargida ta ce to. Da asubar gari na shiga banɗaki na tarar da bokitina a inda aka saba ajiye shi, na kamfato cikin moɗa na sheƙa a ka. Ihun da na yi, ɗalibin ɗaki na biyar ya ce ya ɗauka ɓarayi ne suka hauro.