Daren Da RoboCop Ya Shigo Gidan Suna

Tun zamanin kaset ɗin bidiyo nake da jarabar kallon tsofaffin finafinan almarar kimiyya na Amurka, musamman waɗanda ake nuna injin da ɗan Adam ya ƙera da hannunsa yana juyowa kansa. Abokaina sun daɗe da komawa finafinan Indiya masu fassara, ni kuwa ina nan tare da Westworld na 1973, wanda Michael Crichton ya rubuta kuma ya ba da umarni, inda attajirai ke biyan dala 1,000 kowace rana domin su shiga wani wurin shaƙatawa su yi ta harbin mutum-mutumi hankali kwance, har ranar da wanda Yul Brynner ya fito a matsayinsa ya fara ramawa da harsashi na gaske. Amma wanda ya fi kwanta mini shi ne RoboCop na 1987, aikin Paul Verhoeven ɗan ƙasar Holan, kuma a cikinsa akwai wuri guda da na hardace tsaf.

Wurin shi ne inda manyan wani kamfani a birnin Detroit suka taru a ɗakin taro domin a nuna musu sabon injin yaƙi da masu laifi mai suna ED-209, ƙato mai ƙafa biyu da bindigogi a madadin hannaye. Aka ce wa wani matashin ma'aikaci ya nuna masa bindiga don gwaji, injin ya ba shi daƙiƙa 20 ya ajiye, bawan Allah ya yar da ita nan take, amma injin ya ci gaba da ƙirge har ya kai ƙarshe, ya yi masa ruwan harsashi a gaban kowa, masu fararen riguna suna ta fizgar wayoyi a banza. Na sha faɗa a majalisa cewa injin nan bai yi tawaye ba, umarnin da aka ba shi ya bi, kuma wautar tana wurin mutanen da suka kunna abin da ba su san yadda ake kashe shi ba. Nakan faɗi wannan da muryar wanda irin haka ba za ta taɓa faruwa a gidansa ba.

Da maiɗakina ta haihu, ana gobe suna gida ya cika da baƙi mata, har da surukata da ta zo domin wankan jego, saboda haka aka kore ni zuwa ɗakin ƙanena da ke zaure. Da yamma an kawo wata ƙatuwar sifika ta haya domin kiɗan mata, na haɗa ta da wayata ta Bluetooth na gwada, sannan aka jona ta a caji a can ƙarshen tsakar gida kusa da ragon suna. Can cikin dare barci ya ƙi zuwa, sai na jawo waya, na buɗe fim ɗin, na tsallaka kai tsaye zuwa wurin da nake so. Hoto na tafiya amma babu sauti. Na fara danna maɓallin ƙarin murya, ina jiyo wani Bature yana gurnani daga nesa, na ce a raina maƙwabcinmu ba ya gajiya da rediyo, na ci gaba da dannawa har maɓallin ya ƙure. A daidai lokacin ƙirgen ya cika.

Ban san lokacin da na yi jifa da wayar ba, ta faɗa bayan buhunan shinkafar biki, ni kuma na tsinci kaina a ƙarƙashin gado, inda na tarar ƙanena ya riga ni. A wannan zamani babu mai wasa da ƙarar bindiga, balle irin wannan da ta girgiza kwanon rufi. Cikin gida ya kaure da salati, aka yi ta jan kujeru ana tokare ƙofofi, karnukan unguwa suka ɗauka, daga nesa kuma usur ɗin 'yan sintiri ya amsa.

Sai harbin ya tsaya, aka koma jin maza suna magana da Turanci a tsakar gidana, cikin natsuwa, kamar masu lissafin riba. Ƙanena ya raɗa mini cewa, “Yaya, waɗannan ba na gida ba ne, daga waje aka ɗauko su.” Na kasa kunne ina karkarwa, sai na ji wani dattijo daga cikinsu yana nuna ɓacin ransa ga na ƙasa da shi, na ji kuma bakina yana ƙarasa masa maganar tun kafin ya ƙarasa. Na ɗan jima ina mamakin yadda aka yi na san abin da ɗan fashi zai faɗa, kafin lissafin ya haɗu.

Na umarci ƙanena ya ruga ya zare sifikar daga soket, ni kuma na shiga laluben waya a cikin duhu. Ya zare, amma maganar ba ta yanke ba, domin sifikar tana da batir kuma ta sha caji tun magariba. A Westworld ma haka aka yi: ma'aikatan sun katse wutar wurin gaba ɗaya, mutum-mutumin suka ci gaba da ɓarna da wutar da suka ajiye a jikinsu, su kuwa ma'aikatan ƙofa ta kulle da su a ɗakin sarrafa injuna. Na san wannan sarai, sai dai sanin bai taimaka mini wajen ɗaga buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na san abin da ke tafe, wato nan da 'yan mintoci za a shiga wurin da 'yan sanda ke bin motar 'yan fashi ana musayar wuta.

'Yan sintiri suka iso da gorori da fitilu, na fita zan yi musu bayani, shugabansu ya ɗaga mini hannu ya ce, “Malam, koma bayanmu, wannan aikinmu ne.” Suna sanya ƙafa a tsakar gida harbi ya sake ɓarkewa. Shugaban ya yi tsalle ya faɗa bayan tukwanen girki, sauran suka cushe a zaure kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa fita, rago ya tsinke igiya ya bi ta tsakaninsu ya yi titi, ni kuma ina tsaye ina ihu cewa fim ne, fim ne, amma babu mai jin muryata a kan bindigogin Detroit.

Surukata ce ta kawo ƙarshen lamarin. Ta leƙo ta taga ta ga akwati ne mai fitilu ja da shuɗi ke wannan tashin hankali, ta fito da ɗaurin ƙirji, ta ɗauki taɓarya, ta yi bisimilla, ta sauke masa ita a tsakiyar ka. Gidan ya yi tsit. Ta jingine taɓaryar, ba ta dube ni ba saboda kunyar surukuta, ta ce wa 'yarta ta cikin ɗaki, “Ki gaya wa yaron nan jaririya tana barci.” Ita kaɗai ce kuwa a duk unguwar ba ta farka ba.

Ragon sai bayan asuba aka samo shi a bakin masallaci yana cin ganyen dalbejiya, aka yi suna da kiɗan ƙwarya, mai sifika kuma ya yarda in biya shi kaɗan-kaɗan bayan ya gama dariya. Da la'asar mai unguwa ya aiko in je. Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe,” na kwashe labari daga Detroit har zuwa taɓarya, ya yi mini faɗa a gaban mutane yadda ya kamata, ya sa na bai wa 'yan sintiri haƙuri da kuɗin goro. Da jama'a suka watse sai ya kira ni gefe, ya miƙo wayarsa, ya ce in tura masa fim ɗin, amma in fara dubawa ko ba a haɗe take da lasifikar masallaci ba.