Wai an yi wa Fada alkawarin kujera

To ku da kuka cika mana guruf da surutu tun ranar Lahadi wai Bishop ya yi wa Fadanku alkawarin kujerar babban coci in tsohon ya sauka, har wata ta fara zancen anko, sannunku da ƙoƙari. Tsohon dai yana nan da ransa, jiya ma shi ya yi mana Mass ɗin safe.

Abin nan da kuke rawa a kai yana da suna a dokar coci fa. Da Latin ana ce masa gratia expectativa, wato a ba ka takarda cewa kujerar wane taka ce ranar da ya mutu ko ya sauka. Tun 1179 babban taron shugabannin coci na Lateran na uku ya hana shi, dalilin kuma a fili suka faɗa, kada mutum ya zauna yana fatan mutuwar ɗan'uwansa. Mutane ba su ji ba, zamanin da Paparoma ke zaune a garin Avignon na Faransa aka dinga raba takardun nan kamar ƙosai kuɗi na shiga, sai da babban taron coci na Trent ya soke su a 1563. Dokar coci ta 1983 da muke kai yanzu, sashe na 153, cewa ta yi alkawarin muƙami ko wa ya yi shi ba ya haifar da komai. Ko wa fa. Ko Bishop ne.

Na san wani zai ce ai Archbishop Kaigama ma haka aka yi masa a Abuja. Haba malam. Shi Paparoma ne ya naɗa shi mataimaki mai jiran gado a Maris 2019, a rubuce duniya ta sani, ya karɓi kujerar Archbishop ɗin Abuja daga Kadinal Onaiyekan a Nuwamba. Naku wa ya gani? "An ce" ne kawai, kuna zaman jiran gawon shanu.

Ni abin da ya yi min ciwo tsakani da Allah, dattijon nan shi ya yi wa rabinmu baftisma, shi ya bizne mana iyaye, kuma yana cikin guruf ɗin yana karanta yadda kuke ƙirga masa kwana. Ko kunya babu?

Af, tunda kuna da kuɗin anko, fankokin ɓangaren zumuntar mata wata uku ke nan ba sa juyawa, iyayenmu da takardar waƙa suke fifita.