Gem ɗin ƙwallon da ba ka taɓa ƙwallo a cikinsa

Gem ɗin ƙwallon ƙafa iri biyu ne, kuma a ganina mun ba ɗaya haƙƙinsa mun tauye ɗayan. Na farko kowa ya san shi: FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da PES, wanda ya koma eFootball a 2021. A cikinsu kai ne ɗan wasan, yatsunka ke gudu, su ke yanka, su ke zura ƙwallo a raga. Na biyu shi ne wanda ake ɗora ka a kujerar koci, irin su Football Manager, inda za ka ƙare kaka guda ba ka taɓa ƙwallo ba. Da na farkon na tashi, kamar yawancin sa'o'ina. Na biyun kuwa sai da zama ya kawo ni ƙasar waje, cikin mutanen da suka girma da shi, sannan na san shi. Yau idan aka ce in zaɓi ɗaya, na biyun zan ɗauka.

Idan na tura wa abokaina na gida hoton allon, amsar ba ta canzawa: "Malam, wannan ai aikin ofis ne, ina daɗin yake?" Ban ga laifinsu ba. Abin da ke fara tarbarka saƙonni ne. Shugabannin kulob sun yanke maka kuɗin sayen 'yan wasa, likita ya ce ɗan bayanka zai yi makonni yana jinya, wakilin wani ɗan wasa yana neman ƙarin albashi. Kowane ɗan wasa yana da maki daga 1 zuwa 20 a kan gudu, da ba da ƙwallo, da natsuwa, da jajircewa, da sauransu. Kai za ka tsara atisaye, ka aika masu farautar 'yan wasa, ka zaɓi tsarin da za a buga, ka amsa tambayoyin 'yan jarida.

Daɗin yana zuwa ne lokacin da alƙali ya hura usur, hannunka ya bar kan komai. A gem ɗin yatsu, gwani zai ɗauki ƙaramar ƙungiya ya lallasa wanda ya ɗauki Real Madrid, domin 'yan wasa goma sha ɗayan nan mutum ɗaya ne, wato wanda ke dannawa. A gem ɗin koci kuwa sha ɗayan nan kowa da halinsa. Wani ba ya jure babban wasa, wani yana fushi tun da ka ajiye shi a benci, wani yaro ne da ya zo daga wata ƙasa bai iya yaren abokan wasansa ba tukuna. Za ka yi duk abin da ya kamata, ku mamaye wasa, ku samu fenareti a minti na 90, ɗan gabanka ya ɗaga ta sama. Babu maɓallin da za ka danna ka gyara. Haka ƙwallon gaskiya take, kuma wannan ne abin da duk mai goyon baya ke ji a ƙirjinsa kowane ƙarshen mako: abu ya dame ka matuƙa, amma ba a ƙafarka yake ba. Gem ɗin ya ƙara maka shawara a kan abin da mai kallo yake da shi, ya hana ka ƙafar. Shi ya sa idan canjin da ka yi a minti na 60 ya juya wasa, farin cikin yakan kwana da kai, domin tunaninka ne ya yi aiki.

Gem ɗin koci ya daɗe a nan Turai. Tun 1982 wani Bature mai suna Kevin Toms ya fitar da gem mai suna Football Manager a kan ƙananan kwamfutocin wancan zamani. A 1992 wasu 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fitar da Championship Manager, kuma kamfaninsu Sports Interactive ne ya ci gaba da aikin har ya rabu da kamfanin da ke wallafa masa gem ɗin, Eidos, a 2003. Eidos ya riƙe sunan, su kuma suka tafi da injin gem ɗin da bayanan 'yan wasa, suka dawo a 2004 da sunan Football Manager a ƙarƙashin kamfanin Sega. Bayanan nan su ne jarin. Mutane sama da dubu a ƙasashe daban-daban ke zuwa filaye suna kallon wasa, har na ƙananan rukunai, suna ba 'yan wasa maki. A 2008 Everton ta ƙulla yarjejeniyar amfani da wannan rumbun wajen neman 'yan wasa.

Saboda wannan daɗewar, za ka ga magidanci a nan yana ba da labarin Cherno Samba na Millwall ko Tonton Zola Moukoko na Derby County kamar ya gan su suna ɗaga kofi. A cikin gem ɗin sun zama taurarin duniya, a zahiri kuwa ba su kai nan ba, ko da yake Samba ya buga wa Gambiya. Haka suke tuna Taribo West, wanda ake ɗauka kyauta a Championship Manager na kakar 2001/02, da Julius Aghahowa. Mu mun san mutanen nan biyu da rigar Super Eagles, su kuma da yawansu a allon kwamfuta suka fara ƙaunarsu.

Bambancin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na musu. Wajen sanin ƙwallo ba a fi mu ba. Abokaina za su lissafa maka 'yan benci na ƙungiyar da ba tasu ba, su faɗa maka wanda ya kamata a cire tun kafin koci ya farga. Amma da zarar an sha kashi sau biyu a jere, magana ɗaya ce: a kori koci, a sayo wane. Wanda ya sha zama a kujerar koci, ko da ta gem ce, tambayoyinsa daban ne. Saura shekara nawa a kwantiragin ɗan wasan? Idan aka ba shi wannan albashi, me za a gaya wa sauran ukun da za su zo gobe suna neman irinsa? Idan aka sayo shi, yaron da ke tasowa a gurbin ina za a kai shi? Wanda ya raini kaza shi ya san kuɗin dawa, kuma gem ɗin nan rainon ƙungiya yake koya maka.

A cikinsa na fahimci hanyar da 'yan wasanmu ke bi. Ka ga yaro mai hazaƙa, kana da kuɗin, amma dokar izinin aiki ta Ingila ta hana, sai ka haƙura ko ka tura shi aro wata ƙasa. Daga nan tafiyar Ahmed Musa daga Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holan, zuwa CSKA Moscow, kafin Leicester a 2016, ko ta Wilfred Ndidi ta Genk a Beljiyam, sai ta daina yi maka kama da ɓata lokaci. Haka batun Kofin Afirka. Raina yakan ɓaci idan kocin Turai ya yi ƙorafin an kwashe masa 'yan wasa a watan Janairu, kuma har yanzu ina ganin gasarmu ba abar rainawa ba ce. Amma ranar da gem ya ɗauke maka gola da ɗan gaba a tsakiyar kaka, za ka san abin da ke cin mutumin, ko ba ka yarda da shi ba.

Akwai abin da gem ɗin yatsu ya fi shi, kuma babba ne. Mutum biyu ne a zaune kafaɗa da kafaɗa, wasu na jiran layi, ihu da tsokana, cikin minti goma an san gwani. Gem ɗin koci yawanci na mutum ɗaya ne, kuma na san zaman nesa da 'yan'uwa na daga cikin abin da ya sa ya kama ni. Yana kuma cin lokaci ba kaɗan ba. Kullum akwai wasa ɗaya da ya rage, ko cinikin da ake jiran amsarsa, sai dare ya raba. Mai iyali ko ɗalibi dole ya yanka masa iyaka tun farko. Kada kuma a ɗauka yana mayar da mutum koci. An yi ta yaɗa cewa Will Still, wanda ya karɓi Reims ta Faransa a 2022 yana ɗan shekara 30, daga gem ya fito, alhali ya yi shekaru yana aikin nazarin wasa da mataimakin koci a Beljiyam.

Abin da ke damuna shi ne gurbin Afirka. Shekaru da yawa gasar Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyar da mutum zai iya jagoranta kai tsaye a Football Manager. Sauranmu wurin farauta ne kawai, inda kocin Turai zai aiko a ɗauko masa yaro da araha. Mai son ya ja ragamar Enyimba ko Kano Pillars zuwa kofin zakarun Afirka sai ya nemo fayil ɗin da wasu masoya gem ɗin suka haɗa da kansu, kuma ingancinsa ya danganta da yadda suka san 'yan wasan. Aiki ne na wanda ke zuwa fili, ya san wane gola ne ke tsoron ƙwallon sama, wane ɗan tsakiya ne ba ya gajiya. Irin waɗannan mutane muna da su birjik, su ne abokan nan nawa da ke cewa aikin ofis ne, kuma da za su zauna su yi shi, na tabbata makin da za su ba 'yan wasanmu zai fi na kowa daidai.