Masu Kewaye Gida Ba Su San Ƙofa Ba

Ni fa ba da kowa nake ba. Na farka ne na tarar da wani bidiyo ɗan daƙiƙa 40 yana yawo, yatsu na gudu a kan saksofon kamar an biyo su da bulala, a ƙasa an rubuta wai darasin bibob (salon kiɗan jazz mai sauri) ne ga 'yan koyo. To ni ma ɗan koyo ne, shi ya sa na ce bari in tofa albarkacin bakina. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Abin da ake ta tinƙaho da shi a bidiyon, mu ƙawanya muke ce masa. Ba wani sirri ba ne. Akwai sautin da kake nufi, amma ba ka faɗa masa kai tsaye. Sai ka taɓa na samansa, ka zagayo ka taɓa wanda ke rabin taki (tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sautuka) a ƙarƙashinsa, sannan ka sauka. A ce mai fiyano ya danna kod ɗin C (kod shi ne tarin sautukan da ake dannawa tare), kai kuma E kake so: sai ka busa F, ka busa D#, ka dira a kan E. Wannan D# ɗin baƙo ne, ba ɗan gida ba, shi ya sa kunne ke ɗan ɗaurewa kafin ya saki. Duk daɗin yana wurin sakin. Idan ƙawanyar mai sauti biyu ce, F ya zo a bugu na huɗu, D# a rabin bugun da ke bin sa, E ya faɗi daidai kan bugun farko na sabon layi. Ka ƙara sauti ɗaya, dole ka taso da wuri da rabin bugu. Lissafi ne, kuma ba ya karɓar cin hanci.

Su o'o kuwa sun haddace kewayen, sun bar saukar. Mai fiyano ya riga ya bar kod ɗin Dm7 ya koma na G7, inda kowane yaro ya san C zai gangara ya zama B, amma mutumina yana can yana yi wa C ƙawanya, ya dira a kansa, har ya tsaya yana girgiza shi yana lumshe ido. Ka zagaya gida sau uku ka shiga na maƙwabci, sannan ka cire takalmi ka nemi a kawo maka ruwa.

Ban so in tuna ba, amma tunda an taɓo. Kwanaki a wurin gwaji mutumin nan ya same ni na sa na'urar ƙidayar bugu a kan 60, na cusa tawul a bakin saksofon saboda masu barci a ɗakin kusa, ina maimaita sauti uku kacal. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi dariya, ya ce wa yaran da ke tare da shi wai “Malam har yanzu yana ajin share fage.” Ban tanka ba. Littafina na buɗe a kan kujera, mai shafi 12, kowane shafi da maɓallinsa (tushen sautin da ake ɗora kiɗa a kai, kamar C ko E), ina bin sauti na uku da na bakwai na kowane kod ɗaya bayan ɗaya. Na ga an ɗan leƙa littafin, an kuma daɗe ana leƙawa. Bayan mako biyu sai ga irin jerin nan nawa a intanet, har da wurin da na yi kuskure na soke da biro. Shafin farko kaɗai aka samu kwafa, Allah Sarki.

Ranar kuwa ta zo. Muna kan dandamali, mai waƙa ta juyo ta ce muryarta ba za ta kai ba, a mayar da kiɗan zuwa maɓallin E. Duk mai riƙe da saksofon alto ya san abin da wannan ke nufi: shi a C# zai busa, inda yatsu ba su da gidan kwana. Nan take aka gano ɗan karan bakin saksofon mutumina ya lalace. Aka kwance shi, aka ɗaga shi sama ana duba shi a hasken fitila, aka lasa, aka mayar, aka sake kwancewa. Har waƙa ta ƙare ana gyara. Da aka dawo maɓallin da aka saba, karan ya warke da kansa, babu asibiti babu magani.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yawan kiran sunan Charlie Parker, shahararren mai busa saksofon a bibob. Wai “irin salon Parker nake yi.” Bawan Allahn nan da ake jingina da shi, yana matashi a birnin Kansas ya hau dandamali ya ɓace a tsakiyar kiɗa, har mai ganga Jo Jones ya cire faifan ƙarfensa ya jefar a ƙasa kusa da ƙafarsa, mutane suka fashe da dariya. Bai ce kara ne ya lalace ba. A 1937 ya tafi yankin duwatsun Ozark da wata ƙungiyar makaɗa, ya zauna da faya-fayen mai saksofon Lester Young yana haddace su sauti bayan sauti. A hirar da ya yi da mai saksofon Paul Desmond a 1954 ya faɗa da bakinsa cewa ya yi shekara uku zuwa huɗu yana atisaye awa 11 zuwa 15 a rana. Gudun da aka ji a faifansa na 1945, wanda ya kai kusan bugu 300 a minti, daga can ya fito. Ka rage saurin faifan ka saurara, za ka ji inda kowace ƙawanya ta nufa, za ka ji ta isa. Na gwada rage saurin wancan bidiyo na safe. Ban ƙarasa ba, na tausaya wa kunnena.

Haka Clifford Brown, mai tirampet, wanda hatsarin mota ya ɗauke a 1956 yana ɗan shekara 25. Layukansa cike suke da ƙawanya, amma tsaf suke kamar an jera da hannu. Barry Harris ma, mai fiyano ɗan Detroit, ya shafe shekaru da dama yana koyarwa a New York har ya rasu a 2021, kuma babban abin da yake dasa wa ɗalibai shi ne inda za a saka rabin taki don sautukan kod su riƙa faɗowa kan bugu. Dattijon da ya haura 90 yana ƙirga rabin taki, wani kuma da ya sayi kayan busa shekaranjiya ya wuce wannan aji, har ya buɗe makaranta yana karɓar kuɗin rajista.

Yaran da ke biyan kuɗin su nake ji. Ɗaya ya zo wurina jiya, ya busa mini abin da aka koya masa da gudu. Na ce ya yi shi a hankali, ya faɗa mini sunan sautin da zai sauka a kai kafin ya tashi. Ya yi shiru, ya ce ba a taɓa tambayarsa haka ba.

Littafin nawa dai yana nan inda aka gan shi, a kan kujerar nan. Sauran shafi 11 ba a kwafa ba, kuma ranar Asabar mai waƙar nan ta ce a E za ta sake yi.