Girman kare ba shi ke nuna zai iya ba karya ciki ba

Masu kiwon karnuka da yawa suna ɗauka in dai kare ƙato ne, yana ci yana ƙiba, ya hau karya har sun manne, to shikenan ciki ya shiga, in bai shiga ba kuma laifin karyar ne. Ba haka abin yake ba fa.

Ruwan da kare ke fitarwa kashi 3 ne, na tsakiya mai fari-fari shi ke ɗauke da ƙwayoyin maniyyi, na ƙarshen da ya fi yawa kusan ruwa ne zalla, don haka yawansa ba hujja ba ce. Likitan dabbobi shafa ɗigo yake a gilashi ya sa masa kala ya duba a madubin likita, ya ƙirga ƙwaya 100 ko 200 ɗaya bayan ɗaya, wata kai biyu gare ta, wata wutsiyar ta nannaɗe, wata kan ya cire gaba ɗaya, wata kuma ɗan ƙullutu ne maƙale a wuyanta alamar ba ta gama nuna ba. Yanzu har kwamfuta na auna tsawon kan da faɗinsa. Ana son wajen kashi 80 cikin 100 su zama lafiyayyu, in suka yi ƙasa da 60 haihuwa kan ja baya sosai.

Amma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, zazzaɓi kawai na iya ɓata su, kuma sabbi sai sun ɗau kusan kwana 60 kafin su haɗu, shi ya sa ake cewa a dawo da karen bayan wata 2 zuwa 3 a sake dubawa.